Yadda Sauti Ya Hau Babur a Kudancin Kano

Ranar da na fara zama a rumfar maigidana a Kwanar Ɗangora, abin da ya fara koya mini shi ne taɓa akwati da bayan yatsa. Kafin a ɗauko mita, kafin a kunna ƙarfen like, sai a kunna rediyo a bar ta ta yi minti biyar, sannan a bi cikinta da bayan yatsa kamar uwa mai duba goshin jariri. Inda ka ji ɗumi, lafiya lau. Inda ka janye hannu ba shiri, nan ciwon yake. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kayan aiki sun canza sau huɗu ko biyar a gabana, amma har gobe da bayan yatsa nake fara bincike.

A wancan zamanin babur ba ya magana. Wanda ya mallaki Honda ko Yamaha ko Suzuki babban mutum ne, malamin makaranta ko ma'aikacin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Idan yana son labarai a hanya, sai ya rataya 'yar National ɗinsa mai batir a wuya ko a hannun babur, ya kama Rediyon Kaduna. Aikinmu duka a kan irin waɗannan yake: canza tiranzista, gyara bel ɗin kaset da ya saki, goge kan kaset da auduga. Kaset ɗin Shata da na tafsirin Sheikh Abubakar Gumi sun ci bel da yawa a ƙauyukan Kiru da Bebeji, mu kuma mun ci abinci da su.

Masu tallar magani ne suka ɗora sauti a kan babur, ba samari ba. Mai maganin basir ko na shawara yana bin kasuwanni, yau yana Kiru gobe yana Tudun Wada, kuma murya ɗaya ba ta isa ta keta hayaniyar 'yan hatsi da 'yan awaki. Sai ya zo ya ce, "Malam, a haɗa mini abin da za a ji ni daga bakin tasha." Mu je Sabon Gari a Kano mu sayo ayisi, wato 'yar ƙwayar da ke ƙara ƙarfin sauti, galibi LA4440 na kamfanin Sanyo ko TDA2003, mu ɗora a allo, mu saka a gwangwanin rikoda da ta mutu, mu ɗaure lasifika mai kama da kakaki a bayan babur da robar tayar keke. Batirin mota yakan hau kariya, domin yawancin baburan da muke gani a lokacin wutar bolt shida suke bayarwa, ayisin kuwa sha biyu yake so.

A nan muka fara sanin zafi. Irin waɗannan ayisi, kusan rabin wutar da suka sha ba ta zama sauti, zafi take zama, kuma dole a samar masa ƙofar fita. Ƙofar ita ce farantin alminiyon da ake ɗaure ayisin a jikinsa. Da yake na kanti yana da tsada, mun yanka murfin tukunya, mun yanka firam ɗin taga, har fistin tsohon babur na taɓa gogewa na huda. Maigidana yana da karin maganar da ya ƙaga wa kansa a kan haka, amma ba ta faɗuwa a takarda. Wanda ya yi rowar faranti, ko ya manta bai shafa farin man nan tsakanin ayisi da ƙarfe ba, akwatinsa zai yi ta aiki da safe, rana na take tsaka ya ɗauke. Mai magani ya dawo yana huci, ya ce an yi masa asiri a kasuwa. Babu wani asiri. Masu ƙera ayisin sun sa masa dabarar kashe kansa idan zafi ya kai wani mizani, ya huce ya dawo. Shi ya sa sautin ke ɗaukewa ya dawo, ya sake ɗaukewa.

Da Jincheng ta shigo da araha, acaɓa ta zama sana'ar kowane saurayi, sai abokan cinikinmu suka canza. Waƙoƙin finafinan Hausa sun cika gari bayan fitowar fim ɗin Sangaya, kowane ɗan acaɓa yana son a ji zuwansa kafin a gan shi. Suka dinga kawo rediyon mota ta gwanjo a cusa a ƙarƙashin sirdi. Ban taɓa son wannan wurin ba. Injin yana ƙasa yana gasa shi, salansa tana gefe, soso yana sama ya toshe iska, ga mutum biyu ko uku a zaune. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, ko babu waƙa akwatin ya riga ya yi zazzaɓi. Wasu don tsoron ruwan sama har leda suke naɗe shi da ita. Da hunturu kuma ƙura ta shiga tsakanin haƙoran farantin ta zama bargo.

Akwai wani yaro daga wajen Doguwa da ba na mantawa da shi. Sau uku yana ƙona ayisi a wata guda, sau uku wani mai gyara yana canza masa yana karɓar kuɗi. Ya biyo hanyar dajin Falgore ya zo wurina a fusace.

"Baba, wallahi jabu ake sa mini."

"To, ɗaga sirdin mu gani."

Sifika huɗu ya jera, biyu-biyu a kowace waya. Kowace ɗaya om huɗu ce, amma idan ka haɗa biyu kai da kai, gindi da gindi, sun koma om biyu, wato ƙofa ta ƙara faɗi, wuta ta ninka gudu. Ayisin da aka yi wa haɗin gada don ya ƙara ƙarfi ba ya jure wannan. Na ce masa jaki ɗaya ya ɗora wa kayan biyu. Na cire sifika biyu, na kunna, muka zauna muka sha shayi, akwati bai wuce ɗumi ba. Har ya tashi zai biya, sai na ce ya tayar da babur ya murɗa. Mita ta haura bolt goma sha bakwai. Lafiyayyen babur ba ya wuce sha huɗu da ɗan wani abu, ke nan raktifayarsa ta mutu, tana sako wuta yadda kwayil ya ga dama. Na tambaye shi ko ƙwan fitilarsa yana yawan ƙonewa, ya yi shiru, sannan ya ce na biyar ke nan tun sallah. Wannan ba aikina ba ne, na tura shi wurin bakanike. Da na canza ayisi kawai na karɓi kuɗinsa, da ni ne mai jabu na huɗu.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi yawa a babur samfurin Boxer. Batirinta ɗan ƙarami ne, an yi shi don hon da sigina. Idan ya yi sanyi, ko an ja wuta da siririyar waya irin ta caja, sai mai babur ya ji sauti ya ragu ya ƙure maɓalli. Amon ya fara karcewa kamar mai mura, kwayil ɗin sifika ya gasu, wayar ta yi laushi a hannu. Fiyus kuwa, a cikin babura goma da wuya ka sami biyu da ba a maye gurbinsa da zaren waya ba.

Kaset ya mutu a hannunmu ba tare da jana'iza ba. Sidi bai daɗe a babur ba, domin gargada tana sa shi tsalle. Memori ce ta yi nasara: babu bel, babu mota mai juyawa, yaro ya je wurin masu tura waƙa ya cika ta da kuɗi kaɗan. Sai ga Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birni da kewaye. 'Yan birni suka koma A Daidaita Sahu, suka tafi da manyan sifikunsu bayan kujerar fasinja. Wasu kuma suka dawo gida da baburansu, kuma a wannan shekarar rumfata ba ta taɓa zama babu layi ba.

Yanzu allon da ake yayi bai fi tafin hannu ba, daga Sin yake zuwa, da Bluetooth a jikinsa. Masu kyau daga ciki suna ɗauke da TPA3116 na Texas Instruments ko ɗan'uwansa, kuma gaskiya sun fi namu na da: kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka sha sifika take isa, ba zafi take zama ba. Sai dai kwalin yakan ce wat dubu, abin da batirin babur ba zai taɓa bayarwa ba ko da an matse shi. Ƙafafun ayisin sun yi ƙanana, ƙarfen likena ya fi su kauri, don haka ba a gyarawa, a cire allo a jefar a sa wani. Yaran da ke koyo a wurina sun iya wannan cikin mako guda, suna ganin sun gama. Ni kuwa dalma ce ke ba ni takaici. A Riruwai, nan cikin Doguwa, aka daɗe ana haƙar kuza, ga shi wadda muke like da ita daga ƙetare take zuwa, wata ko kamawa ba ta yi.

Jiya wani ɗan acaɓa daga Bebeji ya kawo nasa, sabon allo na uku a bana. Yarona ya riga ya miƙa hannu zai ɗauko na huɗu daga kwali. Na ce ya ajiye, ya ɗaga sirdi, ya ƙirga mini sifikun.