Daga Littafin Haraji Zuwa Littafin Jarirai

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a daɗe ba suka fitar da hakimai daga birni, kowa ya tare a gundumarsa. Tsanin mulki ya daidaita: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Babban aikin wannan tsani shi ne haraji da jangali, kuma haraji ba ya karɓuwa sai an san kowane gida da yawan mazan da ke cikinsa. A ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Kano, ta nan mai unguwa ya zama ma'ajiyar labarin jama'a. Da En'e ta fara lambar agana, ta wannan hanya ta bi, sai dai talakawa da yawa sun yi ɗari-ɗari, domin muryar da ke kiran lamba ita ce ke kiran haraji.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mulkin yau da kullum, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani gurbi ba. Kiwon lafiya a matakin farko ya koma hannun ma'aikata, aka ɗauka takardar umarni ta wadatar.

Shekarar 2003 ta ƙaryata wannan zato. Jita-jita ta bazu cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa, a lokacin da mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya. Gwamnati ta janye haramcinta, amma magidanta ba su janye nasu ba. A 2008 an samu yara kusan 800 da cutar ta kama a Najeriya.

A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Saƙo ya gangaro ta tsohon tsani: hakimi ya tara dagatai, dagaci ya tara masu unguwanni, gidan da ya ƙi buɗe ƙofa mai unguwa ya je da ƙafarsa ya yi sallama. A 2010 adadin ya sauko zuwa 21. Kano ta ga kamu na ƙarshe na ainihin ƙwayar cutar a Sumaila a Yulin 2014, bayan ta yi asarar ma'aikatan rigakafi 9 da aka harbe a birni a Fabrairun 2013.

Daga nan aka faɗaɗa aikin. Bayan yarjejeniyar 2012 tsakanin gwamnatin Kano da gidauniyoyin Ɗangote da Gates kan rigakafin yau da kullum, an ɗora wa masu unguwanni rubuta sunayen jarirai don a gwada da littafin asibiti. Dabarar tana da tushe. A Getso ko Garo, ungozoma da wanzami da liman suna sanin an haihu kafin ranar suna, alhali ma'aikacin asibiti yana iya shafe watanni bai sani ba.

Sai dai wannan tarihi yana nuna iyakar abin. Ɗigon shan inna yana zuwa har ƙofar gida. Naƙuda kuwa tana bukatar mota da tsakar dare, da ungozomar asibiti, da jini a ajiye. Mai unguwa yana iya shawo kan miji ya bar matarsa ta je awo, amma idan ta je ta tarar ba ma'aikaci, mutuncinsa ne ya zube, kuma gobe ba za a saurare shi ba. Annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi ƙamari a Kano, ta tona yawan yaran da ba su taɓa samun allura ba.

Shi kansa tsanin bai tsira daga siyasa ba. A 2019 an mayar da Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, a 2024 aka rushe dokar suka dawo Kano. Cikin shekara biyar, fadar da hakimi ke kai rahoto ta sauya sau biyu. Littafin jarirai kuwa yana nan a hannun mai unguwa, ba tare da dokar da ta tabbatar masa da aikin ba, kuma ba a cika tunawa da shi ba sai annoba ta ɓarke.