Gidan Haya da Mai Gida: Tarihin Gane Mutum ta Adireshin Imel

A shekarar 1971 ne wani injiniya Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mai karɓar saƙo da sunan kwamfutar da akwatinsa ke ciki. Abin da ya dame shi kawai shi ne saƙo ya isa inda aka nufa. Daga baya, da shafukan intanet suka soma buɗe wa jama'a asusu, sai maginansu suka hango sauƙi: tunda mutum biyu ba sa riƙe adireshi ɗaya a lokaci guda, me zai hana imel ya zama shaidar da ake gane kowa da ita?

A nan gizo ke saƙa, domin adireshi tamkar gidan haya yake: wani ya tashi, wani ya tare. Ma'aikaci kan bar kamfani a miƙa adireshinsa ga magajinsa, wani kuma kan sauya nasa don ra'ayin kansa. A 2013 kamfanin Yahoo ya sanar da cewa zai sake raba sunayen asusun da suka shekara ba a shiga ba. Ba a jima ba sababbin masu sunayen suka fara karɓar wasiƙun tsofaffin. Duk manhajar da ta ɗaure asusu da irin wannan adireshi, tana iya aika wa baƙo hanyar sauya kalmar sirri.

Tun kafin nan ake neman mafita. A 2005 Brad Fitzpatrick, wanda ya kafa LiveJournal, ya fito da tsarin OpenID, inda adireshin shafin mutum ke zama shaidarsa, sai dai tsarin bai shiga ran jama'a ba. A watan Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da OpenID Connect, wanda ya tanadi lambar shaida da ake kira “sub”. Sharaɗinta shi ne kamfanin da ya bayar da ita ba zai sake bai wa wani ba. Idan manhaja ta adana ta haɗe da sunan kamfanin da ya bayar, ta sami shaida tabbatacciya, ko da mutum ya sauya imel sau goma.

Duk da haka tsohuwar al'adar ba ta gushe ba. A 2023 masu bincike na kamfanin Descope suka nuna cewa mai kula da asusun wata ƙungiya a Azure AD na Microsoft yana iya rubuta imel ɗin kowa a kan asusun da ya ƙirƙira, ya shiga da shi cikin manhajojin da suka dogara da imel, ya karɓe asusun mai adireshin na ainihi.

Saboda haka Google da Microsoft suke gargaɗin masu gina manhaja da su bar wa imel aikin isar da saƙo, su kuma rataya bayanan mutum, kuɗinsa da takardunsa a kan lambar da ba ta sauya hannu.