Gidan Rumfa, fadar da ta haura shekara 500

Yaron da aka haifa a Zangon Agege ya san fadar Sarkin Hausawa, ya san dogari da jar rigarsa, ya ga yadda ake zubewa a kwashi gaisuwa. Ba kasafai ake gaya masa ba cewa wannan tsari yana da gidan da ya girma a ciki. Layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912, wanda fataken goro suka bi har suka yi zango a Agege, can ƙarshensa gidan yake: Gidan Rumfa.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina shi. Kafin nan a Gidan Makama ya zauna, inda yanzu ake adana kayan tarihi. Da ya faɗaɗa ganuwar birni, sai ya yanki fili ya kafa sabuwar fada, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa Shaihu Al-Maghili ya sauka Kano ya rubuta masa nasiha kan mulki. Kakaki da figini da majalisar Tara ta Kano duk Rumfa ake jingina wa.

Abin da ya fi burge ni shi ne da ƙasa aka yi ginin. Magini ya jera tubali mai siffar ƙwai, ya ɗora azarar giginya wadda gara ba ta ci, ya lanƙwasa bakan gizo har ya haɗa ɗaurin guga a rufin soro, sannan a shafe bango da makuba don ruwan damina. Irin wannan gini ba ya son a bar shi. Shekara kaɗan ba yaɓe, sai ya fara zubewa. Manyan gidajen sarauta na dutse a Faransa da yawa sun koma wurin yawon buɗe ido, amma Gidan Rumfa har gobe da mutane a ciki, ana dafa tuwo, ana zaman fada.

Mulki ya sauya hannu, gidan bai zama kufai ba. Bayan jihadi Fulani suka shiga, kuma tun 1819 zuriyar Ibrahim Dabo ke ciki. Turawa suka ci Kano a 1903, sarauta ta ci gaba a nan. Tun kafin zuwan Turawa, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu, inda mahaya ke kai jafi ranar Hawan Daushe. Sarki Abdullahi Bayero kuwa, bayan tafiyarsa Ingila a 1934, ya gina Soron Ingila.

Damuwata yanzu siminti ne. Ganuwar da ta kewaye birnin an cinye ta a wurare da dama, kuma maginan da suka iya ɗaurin guga suna tsufa, samari ba sa rububin koyon sana'ar.