Ɓeran kwana nawa ne?

A ɗakin binciken sassan jiki, idan ɗalibi ya kawo maka gilashin da ya yanka nama ya rina, kafin ka ɗora ido a madubi za ka tambaye shi: ɓeran kwana nawa ne? Yawanci sai ya sosa ƙeya. Nauyi ya rubuta, bai rubuta kwanaki ba.

Tambayar tana da asali. A 1959 Jacoby da Leeson suka bi kaluluwar yawu da ke ƙarƙashin muƙamuƙin ɓera daga haihuwa har girma, suka nuna ba a haifar sa da ita a kammale. Jakunkunan da ke tatso yawu sai bayan haihuwa suke nuna, wasu lanƙwasassun bututu masu cike da ƙwayoyi kuwa sai dab da balaga suke fitowa. Daga wannan kaluluwa ta namijin ƙaramin ɓera Stanley Cohen ya ciro sinadarin da ke sa fata tofowa a 1962, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini. A Zariya mun fi fama da matsalar rashin sanin kwanaki wajen gafiya, tunda daga daji mafarauci yake kawo ta, babu mai shaidar ranar haihuwarta.

Da yawa sun ɗauka duk wannan aikin marasa aikin yi ne. Amma tun shekarun 1970 Krista Kostial da abokan aikinta a Zagreb suka nuna hanjin ɗan ɓeran da ke shan nono yana zuƙe dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba.

Sai ga 2010. A ƙauyukan Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, ana niƙa dutsen zinare mai haɗe da dalma a tsakar gida, ƙura na sauka a tabarma da kwanon tuwo. Manya ne masu niƙa, amma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke suma suna mutuwa, sama da 400. Yaro yana zuƙe dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba.

Shi ya sa duk kundin da ya zo hannuna babu kwanakin ɓera, mayar wa mai shi nake yi.