Yadda Tabibai Suka Gano Asalin Ciwon Sukari Mai Bukatar Insulin

Tun zamanin da Ibn Sina ya siffanta wannan cuta cikin littafinsa na Alƙanun, tabibai sun san alamominta, wato ƙishirwa marar yankewa, da yawan fitsari, da ramar da ke cinye yaro har ya zama ƙashi da fata, amma sababinta ya daɗe yana ɓoye musu. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare gaɓar nan da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, ciwon kuwa ya kama shi. A 1921 Banting da Best suka tatso insulin daga fankiriyas a Toronto, daga baya yaran da aka riga aka fid da rai gare su suka miƙe.

Amma me ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin? A 1965 Willy Gepts ya duba fankiriyas na matasan da cutar ta kashe, ya tarar ƙwayoyin garkuwar jiki sun yi wa ƙwayoyin da ke yin insulin ƙawanya. A 1974 Bottazzo da Doniach suka sami hujjar haka cikin jinin majinyata a Landan. Ashe garkuwar da Allah ya sanya don tsaron jiki ce ke juyowa kan mai ita, gado kuma yana da hannu, saboda haka zalunci ne a ɗora wa iyaye laifin ba yaro zaƙi.