Tarihin Rigimar Manhajar da Ba Ta Goguwa a Waya

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar albasa daga Aliero, ya aiko da tambaya. Ya ce ya sayi waya a kasuwar Jega, ya tarar da Chrome a cikinta, ya yi ya yi ya goge ta ya kasa, alhali shi Opera Mini ya saba da ita, ga wayar ba ta da wurin ajiya sosai. Shin mene ne dalili, kuma daidai ne? Wani manomi daga Maiyama ma ya yi irin wannan tambaya.

To malam, wannan rigima ta girmi wayar da ke hannunka. Da farko ka sani manhajoji iri biyu ne a nan. Akwai uwar manhaja mai tafiyar da na'ura baki ɗaya, kamar Windows a kwamfuta ko Android a waya. Akwai kuma burauza, watau ƙofar da ake bi a shiga intanet, irin su Chrome da Opera Mini.

A shekara ta 1994 wani kamfani a Amurka ya fito da burauza mai suna Netscape, jama'a suka yi caa a kanta. A 1995 sai Microsoft, mai Windows, ya fito da tasa, Internet Explorer, ya riƙa haɗa ta da Windows kyauta. Alal misali, kamar mai rumfunan kasuwa ne ya ce duk wanda ya kama rumfa, to dole buhunansa zai zuba albasa a ciki. Ina sauran masu sayar da buhu za su sa kansu?

A watan Mayu na 1998 gwamnatin Amurka da jihohi 20 suka kai Microsoft ƙara. Kamfanin ya ce ai burauzar jinin jikin Windows ce, in an cire ta na'ura za ta lalace. Alƙali Thomas Penfield Jackson bai yarda ba, a shekara ta 2000 ya ce a raba kamfanin gida biyu. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar, amma ta tabbatar an yi danniya, daga nan aka sasanta. Sai dai ihu ne bayan hari, don Netscape ta riga ta rasa kasuwa.

Turawa sun fi matsawa. A 2010 Tarayyar Turai ta sa Microsoft ya riƙa nuna wa mutane jerin burauza 12 su zaɓa. Da ya saɓa alkawari, a 2013 aka ci shi tarar yuro miliyan 561. A 2018 kuma aka ci Google tarar fiye da yuro biliyan 4, ɗaya daga cikin laifuffukan shi ne tilasta wa masu ƙera wayoyin Android su saka Chrome. Daga 2024 wata sabuwar doka ta ba mutanen Turai damar goge Edge daga Windows, da Safari daga iPhone. Ka ga ashe abin da aka ce ba ya ciruwa, da doka ta tsaya sai ga shi ya ciru.

Me ya sa suke nacewa? Kuɗi ne, malam. Yawancin mutane ba su canza abin da suka tarar, kuma ta wannan ƙofa ake sanin abin da kake nema, a turo maka talla. Su kamfanonin suna cewa in ba burauza a sabuwar waya mai saye zai rikice. Gaskiya ne, amma wannan hujjar saka ta ce, ba ta hana cire ta ba. Wanda ya sayi jaki da akumari, ai yana da ikon sauke akumarin.

A Nijeriya akwai hukumar FCCPC mai kare masu saye da hana danniya a ciniki, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019, kuma kana da ikon kai mata kuka. Kafin nan, a yawancin wayoyin Android kana iya shiga saitin, ka nemo Chrome, ka danna Disable. Ba za ta fita ba, amma za ta kwanta, ta daina ci maka data.

Da fatan masu tambaya sun gamsu.