SETI: Tarihin Neman Halittu Masu Hankali a Sararin Samaniya

SETI shi ne gajeren sunan da aka fi sanin binciken kimiyya da ke neman shaidar cewa akwai halittu masu hankali da fasaha a wajen wannan duniya tamu. Masu aikin ba sa harba kumbo zuwa ko'ina. A doron ƙasa suke kafa manyan faranta na rediyo, su juya su wajen taurari, su kasa kunne ko za su tsinci wani sigina da ba zai yiwu a ce tauraro ko gajimaren iskar gas ne ya fitar da shi ba. Tun 1960 ake wannan sauraro, kuma har yau ba a kama ko da sigina ɗaya da aka tabbatar ba. Shi ya sa abin da ya cika tarihin fannin shi ne ƙararrawar ƙarya da rigimar kuɗi.

Asalinsa

A 1950, ana cikin cin abincin rana a cibiyar Los Alamos ta Amurka, masanin kimiyyar lissafi Enrico Fermi ya jefa wa abokan aikinsa tambayar da har yanzu ake kira da sunansa: in taurari suna da yawa haka, kuma da dama sun girmi rana da biliyoyin shekaru, to ina sauran halittun suka shiga? Tambayar ta tsaya a hira sai a watan Satumba na 1959, lokacin da Giuseppe Cocconi da Philip Morrison na Jami'ar Cornell suka buga wata gajeruwar maƙala a mujallar Nature. Hujjarsu ita ce igiyar rediyo tana tafiya da gudun haske, tana ratsa ƙurar da ke tsakanin taurari, kuma aika ta ba ya cin makamashi mai yawa. Sun kuma faɗi inda ya kamata a murɗa: megahaz 1420, zangon da iskar haidurojin ke fitar da sautinta. Haidurojin ya fi kowane sinadari yawa a sararin samaniya, saboda haka duk wanda ya iya nazarin taurari, ko a ina yake, zai san wannan zango.

Wani matashi mai shekara 29, Frank Drake, ya riga ya fara shirya irin wannan gwaji a tashar Green Bank da ke jihar West Virginia ba tare da sanin abin da su Cocconi suke rubutawa ba. A watan Afrilu na 1960 ya juya faranti mai faɗin mita 26 wajen taurari biyu masu kama da rana, Tau Ceti da Epsilon Eridani. Ya kira aikin Ozma, kuma kayan da aka ƙara saya dominsa ba su wuce na dala 2,000 ba. Tun ranar farko ya ji wani sigina mai ƙarfi da ya tayar masa da hankali. Daga baya aka gano jirgin sama ne.

A watan Nuwamba na 1961 mutum kamar goma suka taru a Green Bank, cikinsu har da Carl Sagan da Melvin Calvin, wanda ana tsakiyar taron aka kira shi a waya aka shaida masa ya ci lambar Nobel. Don tsara ajandar zaman ne Drake ya rubuta lissafin nan da ya shahara, mai gaɓoɓi bakwai: yawan taurarin da ake haifa, nawa ne ke da duniyoyi, nawa ne cikin duniyoyin za su iya ɗaukar rai, da sauransu. Lissafin bai ba da amsa ba, ya dai jera abubuwan da ba a sani ba. Gaɓa ta ƙarshe, wato tsawon lokacin da al'umma mai fasaha ke ɗauka kafin ta shuɗe, ita ta fi damun mahalarta, kuma da dalili: kwana biyu kafin su zauna Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya mafi girma da aka taɓa fasawa.

Sobiyet ɗin ma ba a bar su a baya ba. Iosif Shklovsky ya fitar da littafi kan batun a 1962, ɗalibinsa Nikolai Kardashev kuma ya kasa al'ummomi gida uku a 1964 gwargwadon makamashin da suke sarrafawa: na duniyarsu, na tauraronsu, ko na gungun taurarinsu gaba ɗaya. A 1971 masana na ɓangarorin biyu suka haɗu a Byurakan ta Armeniya, ana tsaka da yaƙin cacar baka.

Ƙararrawar ƙarya

A 1965 kamfanin dillancin labarai na TASS ya baza labarin cewa wani abu mai suna CTA-102 na iya zama saƙon wata al'umma. Ashe cibiyar wani gungun taurari ce mai nisan gaske. A 1967 Jocelyn Bell, ɗalibar digiri na uku a Cambridge, ta ga wani sigina da ke bugawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi ba kuskure. Cikin raha ita da abokan aikinta suka laƙaba masa LGM-1, wato ƙananan korayen mutane. Da ta sami na biyu a wani ɓangaren sama dabam, sai zancen baƙi ya mutu, aka gane wani sabon nau'in tauraro ne matacce mai juyawa da sauri. Malaminta Antony Hewish aka ba Nobel a 1974, ita ba a sa sunanta ba, abin da har yau ake ƙorafi a kai.

Wanda ya gagari bayani shi ne na daren 15 ga Agusta 1977. Na'urar Big Ear ta Jami'ar Jihar Ohio ta kama sigina mai ƙarfi kusa da zangon haidurojin, daga wajen taurarin Sagittarius, na tsawon daƙiƙa 72. Kwanaki bayan haka Jerry Ehman yana duba takardun da kwamfuta ta buga, ya kewaye wurin da jan biro ya rubuta “Wow!” a gefe. An sha komawa wurin da na'urori da suka fi Big Ear kyau, bai sake dawowa ba. A ƙa'idar masu fannin, abin da ba a sake ji ba ba shaida ba ne, kuma Ehman kansa ya ƙi ya ce ya ji baƙi. Wannan taka-tsantsan yana da amfani: a tashar Parkes ta Ostireliya an shafe shekaru ana ganin wasu sigina masu rikitarwa, sai a 2015 aka gano daga na'urar ɗumama abinci ta ma'aikata suke, in an buɗe ƙofarta kafin ta tsaya.

Rigimar kuɗi

A 1971 hukumar NASA ta ɗauki nauyin wani nazari mai suna Cyclops, ƙarƙashin Bernard Oliver na kamfanin Hewlett-Packard da John Billingham. Suka zana tsarin faranta har 1,000, kowanne mai faɗin mita 100, a kan kuɗin da zai kai dala biliyan 10. Ba a gina ko ɗaya ba, kuma wannan adadi ya daɗe yana bin fannin da baƙin jini, duk da cewa abin da aka riƙa nema daga baya bai kai ko kusa ba.

A 1978 Sanata William Proxmire ya ba shirin lambar ba'a da yake raba wa ayyukan da yake gani almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, sannan a 1981 ya sa aka datse kuɗin. Sagan ya je ya same shi, ya shawo kansa, kuɗi suka dawo. NASA ta ƙaddamar da babban shirinta ranar 12 ga Oktoba 1992, tana amfani da farantin Arecibo na Puerto Rico da na Goldstone a California. Shekara ɗaya kacal ya yi. A 1993 Sanata Richard Bryan na Nevada ya kawo ƙudurin da ya kashe shi, yana gorin cewa an kashe miliyoyi ba a kamo ko baƙo ɗaya ba. Kasafin shirin kusan dala miliyan 12 ne a shekara, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na kasafin NASA. Da wuya a ce tsadarsa ce ta kashe shi. Shiri ne mai sauƙin yi wa dariya, ba shi da manyan 'yan kwangila da za su tsaya masa a majalisa, kuma babu mai iya cewa ga ranar da zai ba da sakamako.

Akwai masu suka da hujjarsu ta fi gori nauyi. Masanin halittu Ernst Mayr, a muhawararsa da Sagan a 1995, ya nuna cewa cikin ɗimbin nau'o'in halittu da suka rayu a duniya sama da shekara biliyan uku, ɗaya tak ya ƙera rediyo. A ganinsa rai na iya yawaita a sararin samaniya ba tare da hankali ya biyo baya ba. Sagan ya mayar masa cewa zato ba ya raba gardama, sai an duba.

Hannun attajirai

Bayan 1993 fannin ya koma cin arziƙin masu kuɗin fasaha. Cibiyar SETI, wadda aka kafa a 1984, ta gaji kayan NASA, Jill Tarter ta jagoranci shirin Phoenix daga 1995 zuwa 2004 da gudummawar David Packard, William Hewlett, Gordon Moore da Paul Allen. Sun saurari taurari kusan 800, shiru. A 1999 Jami'ar California da ke Berkeley ta fito da SETI@home, manhajar da miliyoyin mutane suka sa a kwamfutocinsu don tace bayanan Arecibo, har zuwa 2020. Tashar Allen da aka buɗe a 2007 an tsara mata faranta 350, ta tsaya a 42, kuma a 2011 sai da aka rufe ta na wasu watanni don rashin kuɗi.

A daidai wannan lokaci wata gaɓa ta lissafin Drake ta samu amsa. Michel Mayor da Didier Queloz sun gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin rana a 1995, na'urar Kepler da aka harba a 2009 ta gano dubbai, kuma zuwa 2022 adadin da aka tabbatar ya haura 5,000. Amma kuɗin gwamnati wajen neman ƙananan halittu suka karkata: motar Perseverance da ta sauka a ramin Jezero na duniyar Mars a 2021, madubin James Webb na kusan dala biliyan 10 mai iya nazarin iskar wasu duniyoyi, da kumbon Europa Clipper da ya tashi a 2024 zuwa wani watan Jupiter mai teku a ƙarƙashin ƙanƙara. Dalilin fifikon a fili yake. Irin waɗannan ayyuka ko ba su sami rai ba za su dawo da ilimin duwatsu, ruwa da iska, alhali mai sauraro in bai ji komai ba abin da zai nuna kaɗan ne.

A watan Yuli na 2015 attajiri Yuri Milner, Stephen Hawking na gefensa a Landan, ya sanar da shirin Breakthrough Listen na dala miliyan 100 cikin shekara goma, kuɗi mafi yawa da fannin ya taɓa gani a lokacin. Shirin ya sayi lokaci a Green Bank da Parkes, daga baya ya haɗa da MeerKAT mai faranta 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu. Sigina mafi jan hankali da ya samu, BLC1, ya zo ne kamar daga wajen Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da rana, amma a 2021 masu binciken da kansu suka nuna daga na'urorin mutane ya fito. Arecibo ya rushe a watan Disamba na 2020, ya bar farantin FAST na China, mai faɗin mita 500, wanda da ma ya fi shi girma.

Ko shirun shekaru sittin da ɗoriya yana nufin babu kowa? A 2018 Jason Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun auna abin da aka riga aka bincika, idan aka haɗa yawan wurare, zangunan rediyo da ƙarfin sigina da ya kamata a duba. Suka ce in duk abin dubawar ya kai tekunan duniya, to abin da aka taɓa bai wuce ruwan ƙaramin kwamin wanka ba. A wannan shekarar ce kuma NASA, bisa buƙatar majalisa, ta kira taron masana a Houston kan alamun fasaha a wasu duniyoyi, daga baya kuma ta soma ba da ƙananan tallafi a fannin da ta yi shekara 25 tana kauce masa.